Gem ɗin da Bafaranshe ɗaya ya haɗa shi kaɗai, ni kuma na ci kwakwa a hannunsa

Jama'a ni fa ba wani ƙwararre ba ne a harkar gem, iyakata ball, tun zamanin da muke tara kuɗin makaranta mu je gidan gem a layinmu a yi ta "wanda ya ci ya zauna" har yanzu da komai ya koma waya. To sai watan jiya ina kwance zazzaɓi ya kayar da ni, ba fita ba komai, ina ta yawo a YouTube na faɗa kan wani bidiyo na wani tsohon gem mai suna Another World, wai an sake shi tun 1991 kuma wai mutum ɗaya ne ya yi shi. Na ce kai ƙarya ne, yanzu fa gem ɗaya sai ka ga sunayen mutane ɗari-ɗari suna wucewa a ƙarshe kamar layin karɓar tallafi. Na duba na ga akwai shi na waya, na saya na sauke, bai ma ci mini wata data ta a zo a gani ba. Sati biyu na yi a kansa kafin na ga ƙarshe, shi ne na ce bari in rubuta abin da na gani.

Mutumin sunansa Éric Chahi, an haife shi 1967 a wani gari Yerres kusa da Paris. Tun 1983 ya fara rubuta gem, lissafa ka gani, bai cika shekara 17 ba, a kan wata 'yar kwamfuta da ake kira Oric yana kai wa kamfanin Loriciels suna sayarwa. A 1989 ya yi zanen wani gem Future Wars tare da Paul Cuisset a kamfanin Delphine Software, gem ɗin ya samu kasuwa, kuɗin da ya riƙa shigo masa daga nan ne ya ba shi damar ya kulle kansa a ɗaki wajen shekara biyu yana yin nasa. Shi ne wuƙa shi ne nama, shi ya rubuta furogiram, shi ya yi zane, shi ya tsara labari, hatta hoton jikin kwalin da hannunsa ya zana. Kiɗa ne kawai abokinsa Jean-François Freitas ya taimaka masa.

Yanzu gem ɗin kansa. Yana buɗewa da dare ana hadari, wani saurayi mai jan gashi, Lester, masanin kimiyya, ya shigo da baƙar Ferrari ya ci burki a ƙofar ɗakin gwajinsa, ya sauka ƙasa a lifta, ya zauna gaban kwamfuta ya fasa lemon gwangwani ya kunna na'urar gwaji. Aradu ta faɗa kan ginin ta bi ta cikin na'urar, kan ka ce kwabo shi da teburinsa sun ɓace sai rami a wajen. Sai ga shi a ƙarƙashin ruwa. Ni kuma ina riƙe da waya ina kallo na zata har yanzu fim ɗin farko ne, ina jira a rubuto mini "fara", ashe an riga an miƙo mini ragama ban sani ba, wasu dogayen hannuwa suka taso daga ƙasa suka janye shi. Na mutu ban danna komai ba. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Haka gem ɗin yake tun daga farko har ƙarshe, ba ya gaya maka komai. Babu maki a saman sikirin, babu layin jini da ke nuna saura nawa ka mutu, babu taswira, babu kibiya mai cewa bi nan. Taɓawa ɗaya ka mutu. Ka fito daga ruwa ka yi taku kaɗan sai wasu baƙaƙen abubuwa kamar matsattsaku suna jan ciki, ka raina su, ɗaya ta ɗaga kai ta karce ka a gwiwa shi kenan an gama. Ka koyi shurinsu, ka wuce, sai wata baƙar dabba mai jajayen ido, wadda dama tun ɗazu ka hango ta can nesa kan dutse tana kallonka, ta diro gabanka. Nan kam ƙafa me na ci ban ba ki ba, ka juya da gudu har bakin kwari ka yi tsalle ka kama wata jijiya ta lilo da kai ta bayanta ka sake kwasa. Na fi sau ashirin a wannan wajen kaɗai. Amma ranar da na wuce zuciyata bugawa take kamar ni ake bi.

Abin da ya kama ni sosai shi ne abin da ya biyo baya. Wasu ƙattin halittu suka harbe dabbar, Lester ya ɗaga musu hannu alamar sallama har da ɗan murmushi, su kuma suka harbe shi ya suma, ya farka a cikin keji a rataye tare da wani fursuna irinsu. Ba kwa jin yaren juna, babu fassara a ƙasa, babu ko kalma ɗaya. Ku kaɗa kejin ya faɗo kan mai gadi, ka ɗauki bindigarsa, fursunan ya dafa kafaɗarka ya yi wata 'yar magana ya nuna hanya. Daga nan kun zama 'yan uwa. Wani lokaci ku rabu, kana can kana fama sai ka hango shi ta saman sikirin yana rarrafe a cikin bututu ana binsa, wani lokaci ka zo bakin rami ba yadda za ka yi sai ya ɗauke ka ya cilla ka tsallake. Na buga gem masu surutu kamar gidan rediyo da ban damu da kowa a ciki ba, amma wannan ƙaton da ko sunansa ba a faɗa a ciki ba, duk sanda ya ɓace sai in ji ba daɗi.

Bindigar ma dabara ce. Maɓalli ɗaya ne amma aiki uku, ka taɓa ta yi harbi, ka ɗan riƙe ta kafa maka garkuwa a gabanka, ka riƙe sosai ta tara wuta ta fasa bango ko garkuwar abokin gaba. Su ma masu gadin haka suke yi, sai faɗan ya koma kamar dara, ka kafa garkuwa ka leƙo da hannu ka fasa tasa ka harba kafin ya sake kafawa. Kuma cajinta na ƙarewa, sai ka nemo inda ake cika ta. Babu wanda ya koya mini ko ɗaya, jiki magayi.

Ƙanina da ya leƙo ya ga ina yi cewa ya yi "Yaya wannan wane irin zane ne kamar an yanka kwali", kuma ban ga laifinsa ba don ya saba da gem da ake ganin gumin ɗan ball. Amma yankan kwalin nan shi ne sirrin. Kwamfutar da Chahi ya yi aiki da ita Amiga 500 ce, abin da take iya riƙewa ko hoto ɗaya na wayar yanzu ya fi ƙarfinta. Ya ga yadda aka kawo gem ɗin Dragon's Lair kan Amiga da manyan zanen katun masu cinye faifai da yawa, sai ya yi tunanin maimakon a ajiye kowane hoto ɗungurungum, me zai hana a ajiye kusurwoyi kawai, alwatika da murabba'i da sauransu, kwamfutar ta riƙa zana su da kanta nan take. Shi ya sa ya iya yin abubuwa irin na fim, a kusanto da fuska, a nuno hannu yana ɗaukar bindiga, cikin wuri ɗan kaɗan da launi 16 kacal. Motsin kuma ya ɗauki kansa a kyamarar bidiyo yana tafiya yana gudu, sannan ya bi hoton yana zanawa a kai ɗaya bayan ɗaya, har motar farkon nan 'yar motar wasa ce ya ɗauka. Shi ya sa in Lester ya yi gudu ya tsaya za ka ga nauyin mutum a jikinsa. A na wayar ana iya sauyawa tsakanin tsohon zanen da sabon da aka goge, kana cikin wasa ka ja yatsu biyu ya canza. Ni dai na fi zama a tsohon, shuɗin sararin nan da duwatsun sun fi ban tsoro a haka.

To bari in faɗi inda ya ba ni haushi don kar a ce an biya ni. Kogo. Duk wanda ya buga ya san me nake nufi. Duwatsu na faɗowa daga sama, bakuna a ƙasa suna jiran ƙafarka, wasu igiyoyi na lilo daga rufi, sannan akwai inda za ka fasa bango ruwa ya biyo ka kana gudu kana tsallake ramuka. Wahalar ba ita ce matsalar ba, matsalar ita ce wani lokacin ka wuce wani abu da ya kamata ka yi can baya, ba abin da zai nuna maka, sai ka yi ta buga kai a gaba alhali gyaran yana baya. Kwana uku na yi a nan, daga ƙarshe na sauke girman kai na koma YouTube na leƙa. Akwai kuma wani waje da sai ka lura da inuwar mai gadi a jikin wani koren ƙwallo da ke rataye ka harbo shi daidai lokacin da yake ƙarƙashi, wannan kam da na gane da kaina na ji kamar na ci jarabawa, amma a ƙaramin sikirin da ƙyar ake ganin inuwar. Sai maganar dannawa, gem ne da aka yi don sandar hannu da maɓalli na gaske, ni kuma ga manyan yatsu ga gilashin waya duk zufa, rabin mutuwata ba laifin kowa ba ne sai santsi. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Wanda ke da hannun gem ko kwamfuta ya buga a can, zai fi jin daɗi nesa ba kusa ba.

Kuma gajere ne, wannan a sani kafin a saya. Wanda ya haddace hanya ba zai kai awa ɗaya ba ya gama. Mutuwa ce ke tsawaita shi.

Ƙarshen ne ban shirya masa ba, wanda bai so a ɓata masa ya tsallake nan. Na zata za a ba ni wani ƙaton dodo in kashe a buga mini ganga. Ina! Duka aka yi wa Lester har ya kasa tashi, wasan ƙarshe gaba ɗaya jan ciki kake yi a hankali a hankali zuwa wajen wasu libobi, wato sandunan da ake ja a kunna na'ura, abokinka na can suna dambe da wanda ya dake ka, kai kuma kana danna gaba kamar ka shiga wayar ka tura shi. Bayan nan abokin ya sunkuce shi ya ɗora kan wata halitta mai fukafukai suka tashi. Bai koma gida ba, ba a ma gaya maka yana raye ko ya cika ba. Daga baya na karanta cewa Chahi ya ce shi kansa a lokacin ya gama galabaita da aikin, shi ya sa ƙarshen ya fito haka. Da na ji wannan sai na ga ashe mai jan cikin nan shi ne, yaro ɗan shekara 24 da ya shekara biyu shi kaɗai a ɗaki.

Gem ɗin ya yi kasuwa, wajen kwafi miliyan ɗaya a shekarun 1990, aka kai shi na'urorin gem na Super Nintendo da Sega, a Amurka aka canza masa suna zuwa Out of This World saboda akwai wani shirin talabijin mai irin sunan. Fumito Ueda na Japan wanda ya yi Ico ya ce ya yi tasiri a kansa, Hideo Kojima mai Metal Gear ma haka, a 2012 kuma gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya sa shi cikin gem 14 na farko da ya fara ajiyewa. An yi masa ci gaba a 1994, Heart of the Alien, amma ba Chahi ne ya haɗa ba kuma shi kansa bai ɗauke shi a matsayin cigaban labarinsa ba.

Abin da ya ba ni mamaki da rayuwarsa shi ne bai bi kuɗin ba. Wani ne da yanzu muna kan Another World kashi na tara. Shi kuwa sai suka kafa kamfanin Amazing Studio da wasu abokan aiki suka shiga yin wani gem Heart of Darkness, labarin yaro Andy da ke neman karensa, aikin ya ja su wajen shekara shida sai 1998 ya fito a PlayStation da kwamfuta. Daga nan ya bar harkar tsawon shekaru, ya koma zane da ɗaukar hoto da yawon kallon duwatsu masu aman wuta, wai mutum ya bar ofis ya tafi leƙen bakin wuta, Bature kenan. Amma yawon bai tashi a banza ba don da ya dawo a 2011 tare da kamfanin Ubisoft reshen garin Montpellier ya fito da From Dust, inda kake ɗibar yashi da ruwa da narkakken dutse kana gyara ƙasa don ka kare wasu mutanen ƙauye daga ambaliya. A 2020 kuma ƙaramin kamfaninsa Pixel Reef ya saki Paper Beast na tabaran VR, wanda in ka sa kake ganin kamar kana cikin gem ɗin, dabbobin takarda a cikin hamada. Waɗannan biyun a bidiyo kawai na gani ban buga ba don haka ba zan yanke musu hukunci ba, sai dai ko a bidiyon ka ga hannunsa, nan ma ba surutu, a jefa ka wata duniya a bar ka ka gane da kanka.

In kana son gem na kashe lokaci a layin banki ko wanda za ka yi ta buga shi wata shida, wannan ba naka ba ne, kuma in kana da saurin fushi ka sa wa wayarka kwali mai kauri tukunna. In kuma kana iya jure a kashe ka sau talatin a waje ɗaya don ka ga me ke bayan bangon, saya, sa abin kunne, kashe fitila. Ni na ba shi takwas cikin goma, ɗaya kogo ya cinye, ɗaya yatsuna.

Ƙanin nawa mai cewa yankan kwali jiya da daddare ya karɓi wayar wai bari ya nuna mini yadda ake yi. Na miƙa masa ban ce komai ba, na zuba ido yana kallon Lester a ƙarƙashin ruwa yana jira a ce masa ya fara.