Na'urar toshe sabis ko karɓar waya a ƙofa?

Mai zauren taron da ƙarar wayoyi ta ishe shi, hanya biyu gare shi. Ta farko ya kafa na'urar toshe sabis. Matsalar ita ce na'urar ba ruwanta da katanga, har wayar maƙwabcin da ke neman motar asibiti da tsakar dare sai ta ɗauke. A Amurka dokar sadarwa ta 1934 ta haramta wannan ko da cikin gidanka ne. A 2014 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci kamfanin otal na Marriott tarar dala 600,000 saboda toshe Wi-Fi ɗin baƙi.

Ta biyu a karɓi wayoyi a ƙofa, a ba kowa lamba. Layi kan yi tsawo, gaskiya ne, amma ni ita na zaɓa.