Hattara da masu tallan sandunan golf "na ɗab'in 3D" a farashin banza

Jama'a masu wasan golf, da masu shirin saya wa wani sanda a matsayin kyauta, ina jan hankalinku kan wata damfara da ke yawo a Facebook da Instagram da wasu kasuwannin intanet. Tallan kusan iri ɗaya ne duk inda ka gan shi. Gajeren bidiyo ne, hasken leza yana ta walƙiya a kan garin ƙarfe, can sai a share garin, kan sanda ya bayyana da wata kyakkyawar saƙa kamar raga a bayansa. Sai rubutu ya biyo: wai fuskar sandar ta titaniyom ce, na'urar ɗab'in 3D, mai gina abu shimfiɗa bayan shimfiɗa, ce ta gina ta, ta fi kowace sauƙin nauyi da ƙwari, za ta ƙara maka yadi talatin ko arba'in a kowane bugu, kuma an yi rangwamen kashi saba'in cikin ɗari amma yau zai ƙare. Don Allah kada ka tura ko sisi sai ka karanta wannan.

Abin da ya sa mutane ke faɗawa shi ne fasahar gaskiya ce. A shekarar 2020 kamfanin Cobra ya fitar da King Supersport-35, sandar tura ƙwallo cikin rami wadda aka gina da na'urar Metal Jet ta kamfanin HP. A 2024 ya sake fitar da sandunan ƙarfe, wato na matsakaicin bugu da ake kira "iron", masu suna LIMIT3D, da ƙarfen 316L wanda ba ya tsatsa, saiti 500 kacal, kowane saiti a kan dala 3,000. A wannan shekarar ce kuma Bryson DeChambeau ya lashe gasar US Open a Pinehurst da sandunan kamfanin Avoda waɗanda aka yi da ɗab'in 3D. Duk wanda ke bin labarin wasan ya ji waɗannan. Ɗan damfara ya san ka ji, don haka ba sai ya wahala wajen ƙirƙiro sabuwar ƙarya ba. Gaskiyar wasu yake ɗauka ya liƙa wa kayansa.

Amma duba misalan nan da kyau. Sandar tura ƙwallo ce da sandunan ƙarfe. Babbar sandar dogon bugu, wadda ita ce 'yan damfarar suka fi tallatawa domin ita ce kowa ke mafarkin ta ƙara masa nisa, har yanzu manyan kamfanoni galibi da farantin titaniyom da aka ƙera aka murza suke yi mata fuska, ko kuma da zaren kabon, kamar yadda TaylorMade ya yi wa Stealth a 2022 da shimfiɗa sittin. Waɗannan kamfanoni suna da injiniyoyi da kuɗi da ɗakunan gwaji, kuma akwai dalilin da ya sa suke taka-tsantsan a wannan wuri.

Dalilin shi ne irin dukan da fuskar ke sha. Ƙwallon golf ba ya wuce giram 45.93, amma haɗuwarsa da fuskar sanda ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma cikin wannan ɗan lokaci yake tashi daga tsaye cik zuwa gudun da ya haura kilomita ɗari biyu a awa. In ka yi lissafi, ƙarfin da ke sauka a kan fuskar ya kai kwatankwacin nauyin ɗaruruwan kilo. Ita kuwa fuskar, kaurinta milimita biyu zuwa uku ne da ɗan wani abu, a jikin kai mai nauyin kusan giram ɗari biyu gaba ɗaya. Dole ta lanƙwasa ta dawo, ta sake lanƙwasawa ta dawo, sau dubbai, ba tare da ta tsage ba.

To ga yadda ɗab'in ƙarfe da leza yake. Ana shimfiɗa garin ƙarfe, kaurin kowace shimfiɗa kamar milimita 0.03 zuwa 0.06, leza ta narka inda ake so, a sake shimfiɗa wani garin a kai, haka har abu ya tashi. In titaniyom ne, galibi haɗin Ti-6Al-4V ake amfani da shi, mai kashi shida na alminiyam da kashi huɗu na banadiyom. Amfanin wannan hanya babba ne. Ana iya barin cikin kai a matsayin raga maimakon ƙarfe cunkus, a kwashe nauyin da aka rage a mayar da shi gefe-gefe ko ƙasa da dunƙulen tangstin, wani ƙarfe mai nauyi sosai, ta yadda ko bugunka ya kauce wa tsakiya sandar ba za ta murɗe sosai ba. Zubi da ƙira ba sa iya fitar da irin wannan saƙa ta ciki.

Sai dai abin da ya fito daga na'urar bai zama sanda ba tukuna, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta. Zafi da sanyin da ƙarfen ke sha cikin sauri suna bar masa wani ɗauri a ciki wanda kan iya karkatar da shi ko ya tsaga shi, don haka sai an gasa shi a tanderu na musamman ya saki. Akwai kuma ƙananan ramuka da ke saura inda garin bai narke duka ba, ko inda iska ta maƙale. Ido ba ya ganinsu, amma daga bakinsu tsaga ke farawa idan duka ya yawaita. Don a toshe su, masu aikin ƙwarai suna sa kayan cikin wata tukunya mai zafin da ya kai digiri 900, a danna musu iskar agon da matsin da ya ninka na sararin da muke shaƙa kusan sau dubu, na wasu awanni. Bayan haka a goge, a fere fuskar da inji, a ɗauki hoton cikinta, a harba mata ƙwallo da na'ura har a ga inda za ta gaza. Shi kansa garin titaniyom, in ana ta maimaita amfani da shi ba kulawa, yana shan iskar oksijin, ƙarfen ya bushe ya zama mai saurin karyewa. Kowane mataki a nan kuɗi ne. Shi ya sa na asali suke da tsada, kuma shi ya sa wanda ya ce zai ba ka irinsu a kan kuɗin kwalin ƙwallaye biyu ko uku, ko dai bai yi aikin ba, ko kuma babu kayan kwata-kwata.

Duk darajar sandar da aka ɗab'a tana ciki ne, inda mai saye ba zai iya leƙawa ba sai ya yanka ta biyu. Wannan shi ne jarin ɗan damfara.

Abin da ke isowa, in ma ya iso, yakan zama kai ne na zubi na ƙarfe mai araha, wani lokaci haɗin tutiya ko alminiyam, an yi masa fenti mai ƙyalli. Ragar da aka gani a hoto kuwa ado ne na roba ko siririn faranti da aka manna da gam a baya, ba ta ɗauke da komai. Wasu ba sa ma wahalar da kansu da ƙirƙiro suna, kai tsaye suke buga tambarin sanannen kamfani. Wannan ba sabon abu ba ne a harkar. Tun 2004 manyan kamfanonin kayan golf na Amurka suka kafa ƙungiyar yaƙi da jabun kaya, kuma ƙiyasinta shi ne ana ƙera jabun sanduna kusan miliyan biyu duk shekara. Sabon abu kawai shi ne kalmar 3D da aka samu ta yi wa jabun ado.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba asarar kuɗin ba ne. Kan sanda mai nauyin giram ɗari biyu da ke tafiya da gudun sama da kilomita 140 a awa, in ya tsinke daga ƙotarsa saboda gam mara kyau, ko fuskar ta fashe, to duk wanda ke tsaye kusa yana cikin haɗari, ko abokin wasanka ne ko yaron da ke ɗaukar maka jaka.

Sai maganar ƙarin yadi arba'in, wadda ita kaɗai ta isa ta tona asirin tallan. Hukumomi biyu ne ke kula da dokokin kayan wasan a duniya, USGA ta Amurka da R&A da ke St Andrews a Sikotland. Tun 1998 USGA ta sa iyaka ga yadda fuskar babbar sanda za ta iya cilla ƙwallo, ma'aunin bai wuce 0.83 ba. Daga baya aka koma auna tsawon lokacin da wani ƙarfen gwaji ke ɗauka a jikin fuskar, iyakar ita ce 239 cikin miliyan na daƙiƙa, da sassaucin 18, jimilla 257. Girman kai ma an ƙayyade shi a santimita kubik 460. Manyan kamfanoni sun daɗe da isa bakin wannan iyaka, abin da suke fafatawa a kai yanzu shi ne faɗaɗa wurin da bugu ke yin kyau. Saboda haka mai tallan da ya ce sandarsa ta dace da doka, kuma za ta ba ka yadi arba'in fiye da sandar zamani da ke hannunka, ya faɗi abubuwa biyu da ba sa haɗuwa. In ta dace da doka, ba ta da wannan ƙarfin. In tana da shi, ba za ka shiga gasa da ita ba.

Kada takardar shaida mai hatimi da suke nunawa ta ruɗe ka, kowa na iya haɗa irinta a kwamfuta. Hukumomin nan biyu suna wallafa jerin kawunan manyan sanduna da suka dace da doka a shafukansu, kyauta, kuma ana sabunta shi a kai a kai. Ka nemi sunan kamfanin da samfurin da rubutun da ke jikin kan. In ba su nan, magana ta ƙare. In suna nan, to ka tabbatar da cewa akwai samfurin a duniya ne kawai, ba ka tabbatar da cewa wanda za a aiko maka na asali ba ne. Wannan kuma sai ta hanyar saye daga kamfanin da kansa ko dillalin da sunansa ke cikin jerin dillalansa.

Mutane suna yawan ba da shawarar gwaji da maganaɗisu, kuma yana da ɗan amfani: titaniyom ba ya kama maganaɗisu, don haka in fuskar da aka ce ta titaniyom ce ta kama, an cuce ka. Amma rashin kamawa ba shaida ba ne, domin tutiya da alminiyam ma ba sa kamawa. Lambar da ke wuyan sanda ma ana kwafarta, sau da yawa lamba ɗaya a kan sanduna da yawa, don haka ka aika wa kamfanin ita tare da hotuna maimakon ka gamsu da ganinta. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne yi wa mai sayarwa tambayoyin aiki. Wane haɗin ƙarfe ne? Wace irin na'ura, kuma a wace masana'anta? An gasa bayan ɗab'i? Ina hoton kan da aka yanka biyu, da sunanku a jiki? Mai aikin gaskiya yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, har sai ka gaji da bayaninsa. Ɗan damfara kuwa zai sake turo maka bidiyon lezar nan, ya tuna maka cewa saura guda uku. Shi ma bidiyon ka ɗauki hoto ɗaya daga ciki ka bincika a Google, sau da yawa za ka tarar na wani kamfanin ƙera na'urori ne aka sato.

Akwai wani salon da ya fi wannan muni, wato na biya kafin a ƙera. Za a ce tunda ɗab'i ne, za a gina maka taka daidai da tsayinka da yanayin bugunka, ka cike fom, ka ba da rabin kuɗi, ka jira makonni takwas zuwa goma sha biyu. Jiran nan da gangan ne. Ana jan ka da uzuri, yau na'ura ta lalace, gobe kaya sun maƙale a kwastan sai ka ƙara wani abu, har lokacin da banki ke karɓar ƙorafi ya wuce, sannan shafin ya ɓace ko sama ko ƙasa, ya sake bayyana da wani suna. Wasu ma sukan wuce nan su gayyace ka ka zuba jari a sayen na'urar, ko ka zama wakilinsu, da alkawarin riba duk wata da lada in ka kawo wasu. Da zarar an fi maganar kawo mutane a kan maganar ƙarfe, ka san ba sanda ake sayarwa ba. Akwai ƙananan kamfanoni na gaskiya da ke wannan aiki, kuma ba na so a shafa musu kashin kaji, amma su za ka ga suna da adireshin da ake zuwa, da sunayen injiniyoyinsu, da garanti a rubuce, kuma farashinsu ba na araha ba ne.

Yadda aka ce ka biya ma yana faɗa maka da wa kake ciniki. In an nace sai ka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum, ko da kirifto, ko da katin kyauta, ko ta ɓangaren 'yan'uwa da abokai na PayPal wanda ba shi da kariyar mai saye, to an zaɓi hanyar da kuɗi ba sa dawowa ne. Cinikin biri a sama ke nan. Ka biya da kati ko ta cikin kasuwar da ke riƙe kuɗi har kaya su iso, kuma kada ka yarda a ja ka zuwa WhatsApp a ƙarasa ciniki a can da sunan ƙarin rangwame.

Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin an tsara abin ne don ya kama masu hankali. Ya adana hotunan tallan da hirarrakin da rasit tun kafin a goge shafin, ya kira bankinsa yau ya buɗe ƙorafi, ya kai rahoton shafin ga dandalin da ya gan shi, ya kuma sanar da kamfanin da aka yi amfani da sunansa. Ya yi hattara da waɗanda za su biyo baya su ce za su ƙwato masa kuɗinsa in ya biya wani abu, sau da yawa mutanen farko ne suka canza riga. In kuma sandar ta riga ta iso, kada ya buga ƙwallo da ita, kada kuma ya sayar wa wani don ya rage asara.