Yawon kallon tsuntsaye a tsibiran Farne: yadda ake tafiyar da shi a nan Ingila

'Yan uwa na gida, ga bayani kan wata hidima da ake biya a nan, ku gwada ta da kwale-kwalen Yauri.

Tsibiran Farne suna arewa maso gabashin Ingila, 'yan kilomita kaɗan daga gaɓa. Idan teku ta janye sukan kai 28, idan ta cika su koma 15. Ƙungiyar National Trust, mai adana wuraren tarihi da na namun daji, ke kula da su. Daga garin Seahouses ake shiga jirgi, kuma kuɗi biyu ake biya: na mai jirgi daban, na sauka a tsibirin Inner Farne daban. Babu ciniki, babu "a rage mini". Ta wannan fuskar kam gida ya fi sauƙi.

Inda suka yi mana nisa shi ne lodi. Kowane jirgi yana da adadin mutanen da lasisinsa ya yarda, matuƙi kuma ba ya ƙara ko mutum ɗaya, ko da kana riƙe da kuɗi a hannu. Rigunan ceto suna cikin jirgi. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, a fasa sauka ko a soke tafiyar baki ɗaya, domin jirgi ba zai iya raɓar dutse lafiya ba.

Tafiyar takan ci kusan awa 3, ɗaya daga ciki a kan tsibiri. Tsuntsun da ake rububinsa shi ne fafin, mai baki kamar na aku, wanda ke ƙwai a cikin rami. Saboda haka ba a kauce wa hanyar katako. Taku ɗaya a gefe na iya rufta rami. Daga Mayu zuwa Yuli ake samunsa sosai, wanda ya zo ƙarshen Agusta ya makara. A watan Yuni a sa hula mai kauri, don akwai wani farin tsuntsu mai jan baki da ke saran kai idan an matsa kusa da sheƙarsa, har jini yakan fito. Sil kuwa, dabbar ruwa mai siffar ayu, suna kwance kan duwatsu duk shekara, suna haihuwa daga Oktoba.

Murar tsuntsaye ta sa an hana sauka a 2022 da 2023, don haka a tambaya kafin a biya. A taho da rigar sanyi ko da bazara ce, mai yawan jiri kuma ya sha magani tun kafin jirgi ya tashi.