Bonet ya daina rawa, amma yaron shagon ya bar min tabo

Wata biyu ke nan da na kai motata wajen wani dattijo mai fanal bita da ke wajejen Ƙofar Ruwa a Kano. Na ƙi cewa komai sai da na yi tafiyar Zariya sau huɗu bayan aikin, don kada in yabi mutum tun ban ga ƙarshen abin ba.

Motar Corolla ce 'yar Kwatano, ƙirar 2008, kuma tun ranar da na saye ta na san an taɓa yi mata aiki a gaba, don fentin bonet ya ɗan fi na ƙofofi haske. A cikin gari lafiya lau take. Amma da zarar na wuce Kura na taka ta ta kai 90, sai bakin bonet ta ɓangaren direba ya fara karkarwa. In ta kai 100 kuwa, tsakiyarsa ma lotsawa yake yana tasowa kamar ana kaɗa faifai. Ranar da abin ya ishe ni, ina ƙoƙarin wuce wata tirela ne kusa da Kwanar Dangora, iskarta ta bugi gaban motar, na ga bonet ya yi sama ya dawo da idona. Uwargida tana gefe sai salati take, tana cewa, "Baban Ummi, don girman Allah ka sauka gefe." Wanda ya taɓa ganin bonet ya buɗe ya rufe gilashin gaba ana cikin gudu ya san abin da take tsoro. Da 70 muka ƙarasa Zariya, har masu Golf cike da fasinja suna yi mana hon.

Kafin in je wajen dattijon, bakanikena na kullum ya riga ya ci rabonsa. Ya ce balansin taya ne, aka yi. Ya ce alaimen, aka yi. Daga nan ya koma kan robar da injin ke zaune a kai, ita ma na saya. Duk tsawon lokacin nan ina gaya masa sitiyari ba ya girgiza a hannuna, kujera ma ba ta girgiza, bonet ne kaɗai, amma kamar da bango nake magana. Har yau in na tuna kuɗin robar nan sai raina ya sosu.

Shi kuwa Baba ko tayar da motar bai yi ba. Tafin hannu ya sa ya danna kusurwar bonet ta dama, shiru. Ya danna ta hagu, sai ta yi ƙasa ta ce ƙwas. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, motarka ba ta da ciwo, murfin ne ba shi da wurin zama." Da ya buɗe sai ya nuna min robobin nan masu zare da bonet ke sauka a kansu, waɗanda ake murɗawa su yi sama ko ƙasa. Ta hagu babu ita sam, rami ne kawai, ta dama kuma ta bushe ta tsage. Ya yagi takarda ya ɗora a kanta ya rufe bonet, ya ja, takardar ta zare ba ko turjiya. Sai ya kama ƙugiyar da ke riƙe bonet ya jijjiga, ita ma tana motsi, notinta sun saki.

Abin da ya fi burge ni shi ne na ƙarshe. Ya cire bargon da ke manne a cikin bonet, ya ce in sa yatsa tsakanin ƙarfen ciki da fallen waje. Ashe bonet hawa biyu ne, kuma gam ne ɗigo-ɗigo ke haɗa su. Nawa duk ya ɓanɓare, wani wurin ma ya ƙone ya zama gawayi. Ya ce wanda ya yi aikin farko wuta ya sa ya miƙar da ƙarfen, bai mayar da gam ba, shi ya sa tsakiyar ke rawa in iska ta yi ƙarfi. Minti goma bai cika ba ya gano abin da aka yi wata uku ana lalube. A lokacin ji na yi kamar in ƙara masa a kan abin da ya yanka. Ya kuma hana ni sayen sababbin robobin da ake zubawa a tire, ya aiki yaro ya ciro na jikin mota a wajen masu tsofaffin kaya, ya ce sun fi riƙe zare.

To daga nan ne labari ya canza. Ya ce in dawo bayan la'asar. Na dawo, Baba ya tafi ɗaurin aure, an bar wa yaro aikin, gam ma ba a sa ba. Na hau Adaidaita na koma gida. Washegari na tarar an gama, amma yaron ya sauke ƙugiyar ƙasa sosai, ya kuma murɗo robobin sama, wai don ya kama da kyau. Bonet ya ƙi rufuwa sai da ƙarfi. A gabana ya sa hannu biyu ya danna tsakiyar bakin bonet ɗin da dukan nauyinsa, wurin ya lotsa kamar girman tafin jariri. Ana sakin bonet ne daga ɗan sama ya faɗa da nauyinsa, wannan ko ni da ba sana'ata ba na sani. Ga kuma baƙin gam da ya shafa min a fenda. Da na shiga na ja abin buɗewa, sai da na ji kamar wayar za ta tsinke.

Baba ya zo ya yi masa faɗa, ya ɗauki sifana mai lamba 10 ya ɗan ɗaga ƙugiyar, ya mayar da kowace roba rabin murɗi, ya shafa giris, ya sake gwajin takardarsa har ta riƙa turjewa a ɓangarorin biyu daidai. Gam ɗin fenda ya goge. Lotsawar kuwa ya ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, ka kawo ta wani satin in fitar maka." Na kai sau biyu, duka ban same shi ba, kuma ko sisi ba a rage min ba.

Maganar gaskiya, rawa ta tafi. Na taka 100 daga Chiromawa har Tashar Yari, na wuce tireloli ban san adadi ba, bonet ko gezau, uwargida har barci ta yi. Sai dai kullum da safe in na zo goge mota, rana na haska wurin nan da ya lotsa, nan idona ke fara sauka. Ƙanena ya ce zai kai tasa ranar Asabar, ita ma bakin bonet ɗinta na motsi. Na ce ya tabbatar Baba na nan kafin ya ba da makulli, ya kuma nemi benci ya zauna har a gama.