Kwas ɗin sola na Asabar da Lahadi a Katsina: ya cancanci kuɗinsa?

Duk wanda ke shirin sa sola a gidansa, shawarata ya fara shiga irin wannan kwas kafin ya taka kasuwa. Wanda kuwa yake son ya gama ya fara karɓar aikin mutane, ya sani kwas ɗin shi kaɗai ba zai kai shi ba. Wata cibiyar koyon sana'a ce a nan cikin garin Katsina take yin sa, Asabar da Lahadi daga safe zuwa azahar, saboda irinmu masu zuwa aiki sauran ranakun. A ajinmu akwai malaman makaranta, akwai masu wayarin da suka daɗe a sana'a, akwai 'yan mata masu jiran sakamakon jarrabawa, har da wani dattijo mai shagon cajin waya a wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ke cinye masa riba.

Abin da ya fi komai amfani shi ne lissafin lodi, kuma a nan malamin ya fi daɗewa. Injiniya, kamar yadda muke kiran sa, ya hana kowa ambaton fanel ko batir sai ya rubuto duk abin da yake kunnawa a gida, da wat ɗinsa, da awa nawa yake yi a kunne. Ɗauki gida mai fanka biyu ta sama, kowace wat 70, na awa 8: wat-awa 1,120 ke nan. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa 5, 300. Talabijin mai wat 60 na awa 4, 240. Jimla 1,660 a rana. To, batir ɗin ruwa mai amfiya-awa 200 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) a kan bolt 12, wanda mutane suka fi saye, a takarda yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato 200 sau 12, amma rabi kawai ya kamata a ja idan ana son ya yi ƙarko. Saura 1,200. Ashe batir ɗaya bai isa wannan ƙaramin gidan ba, tun ba a zo maganar firji ba, wanda a lokacin tashi yake fizgar wuta ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Daga nan ka gane dalilin da ya sa maƙwabcinka yake kukan an sayar masa da jabun batir bai shekara ba ya mutu. Sau da yawa batir ɗin lafiyarsa lau, kullum ne ake tatse shi har ƙasa.

Fanel ma haka. A arewacin ƙasar nan ana lissafi da kamar awa 5 na cikakkiyar rana, sai a ƙara wani abu saboda asarar da ake yi a waya da zafi da ƙura. Gidan nan da muka yi wa lissafi yana buƙatar fanel na wajen wat 450. Wani abin da ban taɓa ji ba sai a ajin: fanel haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Lambar wat ɗin da ke manne a bayansa an auna ta ne yana kan digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya hau sama da haka yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ka tuna yadda kwano yake a Katsina a watan Afrilu. Shi ya sa aka ce kada a kwantar da shi a jikin kwano, a bar rata iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi, a fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi daidai da inda muke, wajen digiri 13.

Wata Lahadi Injiniya ya fitar da mu tsakar gida da fanel da mita. Muna kallon allura, sai ya cire hularsa ya ɗora a kusurwa ɗaya, wurin da bai kai tafin hannu biyu ba. Nan take wutar ta faɗi warwas. Dattijon nan mai caji ya ce, "Injiniya, ashe bishiyar dalbejiyar ƙofar shagona ce ke cuta ta?" Ya ce, "Baba, ita ce, ko dai a sassabe reshen ko a matsar da fanel ɗin." Sannan ya sa aka goge wanda ƙurar hunturu ta lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, muka ga yadda lambar ta hau. Ya ce a riƙa wankewa da sassafe ko da yamma, kada a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya ɗauki zafi.

Darasin waya ma ya yi kyau. Lodin wat 1,000 a kan bolt 12 yana jan sama da amfiya 80, a kan bolt 24 kuwa rabin haka, don haka siririyar wayar fitila ba ta da gurbi tsakanin batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita; ɗumi za ta yi, wata rana ta kama da wuta. An nuna mana kontirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da ke shiga batir daga fanel, da bambancin mai araha da ake kira PWM da mai tsada MPPT, an kuma nanata cewa batir ake fara haɗawa da kontirola kafin fanel.

Sai inda aka gaza. Kayan gwaji saiti ɗaya ne ga aji guda, sai ka ga mutum biyu na ɗaurawa, sauran mun yi cirko-cirko muna leƙe. Masu wayarin, da yake hannunsu ya saba, su suke karɓe sukundireba. Hawa rufi kuwa ba a yi da mu ba ko kusa. A ƙasa aka nuna mana yadda ake ɗaure ƙarfe, alhali can sama ne ake huda wa mutane kwano damina ta zo ɗaki ya yi ta yoyo. Batir ɗin lithiyum, wanda shi masu hali suke komawa yanzu saboda ana iya jan kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa kuma ba ya neman ƙarin ruwa, a allo kawai muka gan shi. Maganar binne ƙarfen kariya daga tsawa ma a gurguje aka wuce ta.

Kuma a takardar talla "makamashi mai ɗorewa" aka rubuta, amma sola ce daga farko har ƙarshe. An ambaci injinan iska na Lambar Rimi masu megawat 10, shi ke nan. Ni abin da ya fi damuna, yawancin gidajenmu makamashin da suke ci kullum ba lantarki ba ne, itace ne da gawayi, a jihar da hamada ke matsowa. Da an ware ko mako guda ga murhu mai tattalin itace da gas ɗin kashin shanu, da matan ajin sun koma gida da abin da za su fara tun ranar.

Kuɗin bai yi sauƙi ba ga mai albashi, sai dai an yarda a biya kashi biyu, kuma bai kai farashin batir ɗaya ba. Takardar shaida ana bayarwa. Kafin ka biya, ka tambaye su mutum nawa ne a aji, saitin gwaji nawa gare su, kuma ko suna tura ɗalibai bin masu aiki zuwa gidajen mutane. In sun ce ba sa turawa, ka nemi wani oga da kanka ka riƙa riƙe masa tsani.