Na'urar Gano Ƙarfe a Ƙasar Kumasi: Ka Saurari Muryarta Kafin Ka Biya

Duk wanda ya taɓa ɗora faifan na'urar gano ƙarfe a filin wani tsohon gida a Aboabo ko Asawase ya san cewa ƙasarmu ba ta yin shiru. Taku na farko ƙusa ce, na biyu guntun kwanon rufi da tsatsa ta cinye, na uku murfin kwalba, balle a je kusa da Magazin na Suame, inda aka shafe shekaru ana gyaran motoci har noti da waya suka cakuɗe da ƙasa. Saboda haka ina ganin kuskure ne mai saye ya fara da tambayar zurfin da na'ura take kaiwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin muryar da take yi idan ta ci karo da baƙin ƙarfe.

Na'urori masu araha yawanci toshe sautin baƙin ƙarfe suke yi baki ɗaya, su bar ƙara guda ga sauran abubuwa. Kunne yana hutawa, amma akwai asara, domin idan tsohon kwabo mai huji yana kwance kusa da ƙusa, na'urar takan haɗa su ta karanta su abu ɗaya, sai shirun da ta yi wa ƙusar ya haɗiye kwabon, mutum ya wuce bai sani ba. Haka kuma babban ƙarfe mai tsatsa yakan fitar da ɗan tsinin ƙara daga gefensa, kuma wanda ba ya jin gurnanin da ke kewaye da ƙarar zai tona rami a banza.

Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne wanda yake barin baƙin ƙarfe ya yi magana ƙasa-ƙasa, cikin kaurin murya, abu mai daraja kuma ya fito da siririyar ƙara a samansa. A nan ne kamfanoni suka bambanta. Garrett na Amurka ya sa wa na'urarsa AT Pro abin da ya kira Iron Audio, wanda ake kunnawa a ji ƙarfen da aka toshe, sai dai kunnawa ne ko kashewa, ba a rage ƙarfinsa, kuma a wuri mai ƙusoshi gurnanin yana gajiyar da kunne da wuri. Simplex+ ta kamfanin Nokta na Turkiyya ta fi sauƙin kuɗi, kuma tana ba da damar rage ƙarar baƙin ƙarfe kaɗai, abin da ya ishi yawancin masu farawa. Equinox 800 ta kamfanin Minelab na Ostireliya, wadda ta fito a 2018, tana ba da zaɓin murya 1, 2, 5 ko 50, ana kuma iya daidaita ƙarfin kowane rukunin murya da kaurinsa. A lambobin da take nunawa a allonta don bayyana irin abin da ta gano, daga -9 zuwa 0 na baƙin ƙarfe ne.

Murya 50 tana faɗin abubuwa da yawa ga kunnen da ya saba, amma ga sabon shiga hayaniya ce tamkar ta kasuwar Kejetia da tsakar rana. Gara a fara da biyu ko biyar.

Akwai kuma saurin da na'ura take gama karanta abu ɗaya ta koma na gaba. A Equinox 800 matakansa 1 zuwa 8 ne, a ƙanwarta 600 kuwa uku ne kawai. Idan aka ɗaga shi sauti yakan gajarta, ƙusa da kwabo su rabu, amma zurfi yana ɗan raguwa, kuma wannan ciniki ne mai riba a tsohon gida. Ƙaramin faifai ma yana taimakawa ƙwarai, haka nan abin sauraro na kunne, sai dai mara waya ya zama wanda ba ya jinkirta sauti, in ba haka ba ƙarar za ta zo bayan faifan ya wuce wurin. Jar ƙasarmu ta marmara ita kanta tana ɗauke da sinadarin ƙarfe da yake iya ruɗar na'ura, don haka kada a sayi wadda ba a iya daidaita ta da yanayin ƙasar wurin.

Ranar saye, ka tafi da ƙusa mai tsatsa da tsohon kwabo ko anini a aljihu. Ka ajiye su a ƙasa da tazarar yatsu uku, ka ratsa faifan a hankali ta fuska biyu, ka ji ko siririyar ƙara tana fitowa daga cikin gurnanin. Kada ka yi gwajin da pesewa 10 ko 20 na 2007, domin cikinsu baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe, muryarsu kuma za ta ruɗe ka ka zargi na'ura mai kyau. Kafin ka tona ko'ina kuma ka nemi izinin mai fili ko sarkin wurin, ka kuma sani cewa haƙar kayan tarihi tana buƙatar takardar hukumar gidajen tarihi ta Ghana, neman zinariya kuma yana ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2006.