Kwabon 'yan kasuwa a Cincinnati

Jama'ar gida, ina gaisuwa. A wani shagon tsofaffin kuɗi a nan Cincinnati, jihar Ohio, na tarar da tire cike da kwabbai ɗauke da sunayen masu gidan biredi da masu sayar da takalma. Ba gwamnati ta buga su ba. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, mutane suka ɓoye zinariya da azurfa, har senti ɗaya ya yi wuyar gani. Da canji ya gagara, sai 'yan kasuwa suka sa aka buga musu nasu na jan ƙarfe, da sunan shago a jiki. Garin nan na cikin waɗanda suka fara a 1862, majalisar dokokin Amurka kuma ta haramta a 1864.

Na ɗauki guda zan biya, dattijon mai shagon ya ce in dakata. Ya miƙo mini madubin ƙara girma, ya nuna wasu siraran layuka kusa da baki, ya ce wani ya taɓa goge shi, darajarsa ta ragu. Ya rage kuɗin da kansa, ni kuwa ban ga aibin ba, ban kuma nemi ragi ba! Ya buɗe kundin George da Melvin Fuld, mai jerin irin waɗannan kwabbai da lambobinsu, ya nemo lambar kwabon, ya rubuta a ɗan kwalin da ya naɗe shi. Wallahi jikina ya yi sanyi. A kasuwarmu da yawa za su juya gefen da ya lalace ƙasa, su haɗa da rantsuwa.

Ba wai komai daidai ne a nan ba. Farashin da aka rubuta daban, wanda za ka biya daban, sai a wurin biya za a ɗora haraji. Kwabon da aka tantance ingancinsa aka rufe a roba kuwa, tsadarsa sai mai hali. Kuma babu zaman ciniki da raha irin na Kurmi, abin da nake kewa ke nan.

Amma ina aninanmu? Ina kwabo mai huji da sisi da sulai? Mun bar yara sun zubar a kwata. Mu ma mun san ƙarancin canji, an ba mu alewa a madadinsa, mun sha wuyar takardun naira a 2023, wa ya adana wani abu da jikoki za su gani? Duk mai sauran tsofaffin kwabbai a adakar kaka, don Allah ya ajiye su inda babu laima, kada ya goge su da toka ko lemun tsami.